Sharar Bayan Ƙyaure

Ranar Juma'a da safe, saura kwana ɗaya mu hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, koren kayen Mardiya, littafin rubutunta, ya ɓace daga cikin armuwar, wato kabad ɗinmu. Ni na fara jin ihunta, don ina kan matakala ina fama da gwiwata, da kwanon ƙosai a hannu.

Bari in gaya muku ko wane irin kaye ne, kada ku ce littafin ƴan makaranta ne ake wa wannan kuka. Mu matan ƙungiya muna da ɗan ɗaki a unguwar Goutte d'Or ta Paris, saman kantin waya na Chaibou. Nan muke haɗuwa mu yi salla, mu yi girki, mu ɗan taɓa gulma. Mardiya ƴar Tahoua ce, karatun shari'a ya kawo ta. Shekara biyu cur tana zuwa kotu, wata rana nan, wata rana can Lyon, ta zauna bencin ƴan kallo ta rubuta abin da idonta ya gani. Saurayin da aka kama da tabar wiwi, nawa aka samu a aljihunsa, wace unguwa ya fito, yaya fatarsa, wane hukunci aka yi masa. Da ta jera shafukan sai abin ya tsaya mata a wuya. Ga yara biyu, laifi ɗaya, nauyin taba ɗaya. Farin ya tafi gida da kashedi, namu ya tafi gidan kaso.

Ranar Asabar akwai babban taro a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, na lauyoyi da iyaye da masu neman a gyara gidajen kaso, an ba ta minti ashirin ta karanta. Kuma kwafi babu. Ta yi rantsuwa ba za a ɗauki hoton kayen ba saboda sunayen ƴaƴan mutane da ke ciki. In ya tafi, shekara biyu sun tafi.

Kafin hantsi ɗakin ya cika.

"Chaibou ne," in ji wata. "Shi ke riƙe makulli, kuma kullum cewa yake muna goyon ƴan ƙwaya."

"Karim ne," in ji wata. "Sau nawa ya roƙa a bar shi ya ɗauki hoto?"

Aka ce a kira polis. Na ce a gaya musu me, an sace mana kaye? Halimatou mai dambu kaɗai ba ta sa baki ba. Tana can lungu tana tsince zogalen da za mu tafi da shi. Ita dama zancenta ɗaya ne a duniya, ɗanta Tariq da ke koyon aikin lantarki a Lyon, aiki ya yi masa yawa har ba ya samun zuwa gida.

Na ɗauki waya na kira Malam Maazou.

*

Malam Maazou abokin marigayi mijina ne, mutumin wajen Tanut. A samartakarsa in an sace raƙumi shi ake kira. Ya kalli rairayi ya ce ɓarayi biyu ne, ɗaya na ɗingishi, ɗaya bai yi karin kumallo ba. Da ya zo Paris ya yi shekara talatin yana sharar titi da koren kaya. Yanzu ya ajiye aiki, amma har yau in kun gaisa ƙafarka yake fara kallo.

Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Armuwar ɗin da kowa ke nuna masa bai ko dube ta ba.

"Hajiya Safi, ɗakinku ya yi tsabta da yawa. Ban san ku da haka ba."

"Ka zo bincike ko ka zo zagi?"

"Duka biyu. Wa ya yi shara?"

Sai a lokacin na tuna. Jiya da la'asar, bayan Mardiya ta gwada karatunta a gabanmu, na ture kwanon garin gero ya zube gaban armuwar. Gwiwata ba ta sunkuyo, kowa kuma na sauri, na ce a bari sai gobe. Yanzu ga wurin tas.

"Kash!" in ji Mardiya. "Da garin na nan da ka ga sawu, Baba. Ya goge komai."

Malam Maazou ya karɓi wayarta, ya kunna fitila, ya kwantar da hasken a ƙasa. Ya durƙusa yana bi da ido tun daga armuwar har bakin ƙofa. Can ya janyo ƙyauren ya leƙa bayansa. Ga garin an tara shi tsibi guda, an ɗora gajeriyar tsintsiyarmu ta gida a kai. Doguwar tsintsiyar Turawa da injin shara suna nan inda suke, ba wanda ya taɓa su.

Ya daɗe yana kallon tsibin. Fara'ar fuskarsa ta ɗan ragu. Sai ya miƙe ya ce, "Ƙosan nan na baƙi ne ko na ado?"

Ya ci biyar.

*

Muka sauka kantin Chaibou, ni da shi da Mardiya. Makullin ɗakinmu na rataye a ƙusa gefen ƙofa, inda yake kullum.

"Wa ya ɗauka da safe?" in ji Malam Maazou.

"Ina zan sani? Matan nan shiga suke kamar kasuwa. Salamu alaikum, makulli ya tafi. Ni ina kallon labarai."

"An ce ba ka son aikin yarinyar nan."

"Ban ɓoye ba! Wanda ya sayar wa ƴaƴan mutane guba a ɗaure shi, wala, shi ke nan."

"A ɗaure shi, Baba Chaibou," in ji Mardiya, idonta ja. "Ni ban ce a saki kowa ba. Cewa na yi a auna kowa da mudu ɗaya. Kuma wanda aka rufe a bar shi ya ƙare karatunsa, kada ya fito ya fi yadda ya shiga lalacewa."

Ni kuwa idona ya kai kan takalminsa. Fari fat a gefe. Na ce, "Malam, duba! Gari!"

Chaibou ya hau rantse-rantse. Malam Maazou ya zubar da ɓawon gyaɗa daga aljihunsa a tsakar kanti, ya ce, "Yi haƙuri, share min nan." Chaibou ya ja doguwar tsintsiya yana ƙunƙuni, ya tura ɓawon da ƙarfi har kan titi, rabi ya koma ƙarƙashin kanta.

"Wannan ko gidansu bai taɓa sharewa ba," in ji Malam Maazou. "To garin fa?"

Chaibou ya sosa ƙeya. Ashe jiya da muka watse ya hau ya cinye sauran dambun da Halimatou ta rufe a tukunya.

"Ya yi gishiri ma," in ji shi, wai shi aka cuta. "Halimatou ba ta taɓa cika gishiri ba sai jiya."

Na ce Allah ya ƙara. Malam Maazou bai yi dariya ba.

*

Bayan sallar Juma'a muka tare Karim a wani gidan kafe kusa da Barbès. Karim haihuwar Bobigny ne, nan bayan Paris, yana aikin kwamfuta, Hausarsa kamar an wanke ta da ruwan sanyi. Ni da idona na ga bakin wani koren kaye a jakarsa, na kuwa faɗa.

"Fito da shi, ɗana," in ji Malam Maazou.

"Non, Baba, wannan… na ni ne. Personnel."

"Nawa ne ake cewa, ba na ni ba. Fito da shi."

Mardiya ta fizge jakar. Kore ne, amma sabo. Ta buɗe ta fara karantawa da ƙarfi don ta kunyata shi.

"Ina wuni, Kawu. Yaya gida. Yaya iyali. A durƙusa, kada a kalli ido. Kawu, na zo ne neman…" Sai ta dakata. A ƙasan shafin an rubuta sunan kawunta na Tahoua har sau uku, an ja masa layi.

Wata shida ke nan yaron yana koyon gaisuwar surukai a ɓoye. Mardiya ta ajiye kayen kamar ya ƙone ta, ta ja gyale ta rufe baki. Karim ya ce shi a kira polis ɗin ma ya fi masa sauƙi.

"Gaisuwar ta yi," in ji Malam Maazou. "Amma ka ƙara da tambayar damina. Mutanen Tahoua in ba ka tambayi ruwa ba, ba ka gaishe su ba."

Na yi dariya har gwiwata ta amsa. Amma da muka fito, Mardiya ta tsaya bakin metro ta ce, "Baba, gobe ne fa. In tsaya gaban mutane hannu wofi in ce na gani? Wa zai yarda?"

"Ki hau jirginki. Kayen ma zai hau."

"Ka san wanda ya ɗauka?"

"Na san garinsu. Saura in san dalili."

*

Da safe muka cika rabin tarago, da tukwane da kuloli. Chaibou ma ya biyo mu, wai ba zai zauna a Paris ana kiransa ɓarawo a Lyon ba. Halimatou ta zauna jikin taga, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali kamar mai ciwon baya. Malam Maazou ya zauna gabanta suna hirar gida, don ita ma ƴar wajen Tanut ce.

"Yau dai za mu ga Tariq," in ji shi. "A ce ya zo ya gaishe da tsoho."

"Aiki, Malam. Ko Asabar ba sa barinsa."

"Allah ya yi albarka."

"Amin," in ji ta, ta juya tana kallon gonaki.

A Vaulx-en-Velin, Alhaji Bukari, dattijon mutanenmu na can, shi ya tarbe mu. Bayan azahar na ga shi da Malam Maazou sun keɓe jikin wata bishiya. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne, gwiwar ce kawai ya rage. Na ji Alhaji na cewa, "Yaron da ke gyara mana fitilun masallaci? Wata takwas rabonmu da shi. Mun zaci Paris ya koma."

 Na tuna shafin da Mardiya ta karanta mana ranar Alhamis. Ba ta faɗi suna ba, harafi kawai ta ce, T. Shekara ashirin da biyu, karo na farko, wata goma sha huɗu a rufe. Ya roƙi alƙali a bar shi ya rubuta jarrabawar lantarki tukuna. Kuma a wannan yinin, a wannan ɗakin, wani ɗan unguwar masu hali da aka kama da irin abin ya fita ya tafi cin abinci da ubansa. Mun yi ta salati ranar, ba wadda ta kalli lungun da ake tsince zogale.

*

Saura awa ɗaya a buɗe taro, Malam Maazou ya tara mu a kicin ɗin zauren, ya rufe ƙofa. Ni, Mardiya, Karim, Chaibou, Halimatou da sauran mata. Ya zauna kan kula.

"An ce mini ɓarawo ya goge sawu," in ji shi. "To shara ma sawu ce. Shekara talatin ina yin ta, na san hannun kowa. Wanda ya shiga ɗakin nan ya taka gari, ya ga ƙafarsa ta fito, ya ce bari in share. Ga injin, ga doguwar tsintsiya, ya bar su ya ɗauki gajera ya sunkuya, yana ja da baya, layi kan layi kamar zanen ƙwarya. Karim bai san ta inda ake riƙe ta ba. Chaibou kun ga aikinsa jiya."

"Na gode," in ji Chaibou. "Yau ƙazanta ta yi mini rana."

"Mace ce, wadda ta tashi a gida. Na so in ce Hajiya Safi ce, don ita ta zubar da garin, kuma bakinta ya isa ya haɗiye kaye. Amma rabonta da sunkuyo tun ana kashe faran, kafin yuro."

Aka yi dariya, har ni.

"Da matar nan ta kwashe garin ta zuba a bola, da na koma gida ba ni da komai. Bolar tana nan taku uku. Amma ba ta iya ba. Ta tara shi bayan ƙyaure ta ɗora tsintsiya a kai. A wajenmu, macen da ɗanta ke hannun wasu, ko yaƙi, ko ɓata, ko ɗauri, ba ta fitar da shara da hannunta. Cewa ake kada ta share sawunsa daga gidan. Sai ta tara, wani ya kwashe. Uwata ta yi haka shekara biyu lokacin da wana ya ɓace a hanyar Libiya."



"Ni raƙuma na saba bi, ban saba bin uwaye ba. Ba zan kira suna ba. Ga yadda ake yi a gida. Ga kwando can a ɗakin ajiya, na rufe shi da zane. Kowa zai shiga shi kaɗai ya fito, har ni. In mun gama a buɗe kwando, abin da aka samu an samu, ba wanda ya san hannun da ya sa."

Chaibou ya miƙe zai fara shiga.

"Zauna, Chaibou," in ji Halimatou.

Ta tashi ta kwance ɗankwalin ƙugunta. Koren kayen ya fito, ya ɗan lanƙwashe, da ɗumin jikinta. Ta riƙe shi da hannu biyu.

"T ɗin nan nawa ne. Wata takwas ina muku ƙarya. Duk Laraba ta biyu da nake cewa na tafi asibiti, wurinsa nake zuwa. Na ce in aka karanta a nan, mutanen Lyon sun san mai gyaran fitila, kafin magariba labari ya kai Tanut. Sau uku na kai shi bakin bola, Mardiya. Na buɗe na ga kin sa bismilla a shafin farko. Ni ba na karatun boko, amma wannan na san shi. Ta yaya zan jefa?"

Mardiya ba ta karɓi kayen ba, ita ta rungume. "Inna, wallahi ban sani ba. Sunan mahaifinsa ke takarda. Sai in tsallake shafin, ba wanda zai ji."

"Tsaya. Da gaske ne ɗayan ya tafi gida?"

"Da gaske ne, Inna."

"Abu iri ɗaya?"

"Nasa ma ya ɗan fi."

 Halimatou ta goge ido da bakin gyale. "Ni duk wata takwas ɗin nan cewa nake nawa ya fi na kowa lalacewa, shi ya sa. Ya yi laifi, na sani, na kuma gaya masa ta gilas da baki. Amma ba za ki tsallake shi ba. An tsallake shi sau ɗaya, ya isa."

Chaibou ya fyace hanci da ƙarfi ya ce albasa ce. Ba wanda ke yanka albasa.

*

Mardiya ta yi minti ashirin ɗinta, zaure cike. Da ta zo shafin T, Halimatou ta miƙe daga cikin mutane ta ce da Hausa, "Ɗana ne, sunansa Tariq." Aka rasa mai fassara kusa, sai Karim ya tashi. Ya yi ta tuntuɓe, amma ya kai. Ta ce ba ta zo neman a ce ɗanta waliyyi ne ba, ta zo tambaya ne ko kotu tana da mudu biyu. Ta ce a bar yara su rubuta jarrabawa ko a rufe suke. Kafin ta zauna wata mata Balarabiya ta miƙe ta faɗi sunan nata ɗan, sai wata ƴar Mali, sai wani tsoho fari da jikansa ke ciki. Taron da aka ce awa biyu ya kai har bayan magariba, dambu ya ƙare tas, gishiri daidai.

Ba zan ce muku duniya ta gyaru ranar ba. Kayen yana nan, Mardiya ta ma sayi na biyu. Amma wata lauya mai suna Widad ta riƙe hannun Halimatou a bakin ƙofa ta karɓi lambarta. Ta ce akwai hanyar da doka ta bari a nemi ya ƙarasa sauran kwanakinsa a gida da ƙarfe a ƙafa mai nuna wa hukuma inda yake, da an nema tun da wuri. Wa zai nema, alhali uwar tana cewa yana wurin aiki?

Wata biyu bayan haka, wata Talata da hantsi, Tariq ya hau matakalarmu, ya rame, yana sunkuyar da kai. Malam Maazou ya amsa gaisuwarsa yana kallon abin da ke idon sawunsa.

"Wannan dai ba sai an kira ni ba," in ji shi. "Gwamnati na bin sawunka da kanta. Tashi ka duba mana fitilar nan, wata uku tana ƙifta ido."

Yaron ya hau kujera. Ƙurar silin ta zubo, da guntayen waya. Halimatou ta ɗauki gajeriyar tsintsiya ta sunkuya, ta share layi kan layi har bakin ƙofa. Na miƙa hannu zan karɓi abin kwasar shara kamar yadda muka saba yi mata tun dawowarmu daga Lyon.

"Bari, Hajiya," in ji ta.

Ta kwashe da kanta, ta sauka matakala, mu duka muna biye da ita kamar rakiyar amarya. Ta buɗe bolar waje ta juye. Wata ta rangaɗa guɗa har masu sayar da masara a bakin titi suka waiwayo.

Chaibou ya leƙo daga kanti. "Halimatou! Wannan bolar kwalaye ce, mai ruwan ɗorawa! Ta shara ga ta can!"

"Kai ka kwashe ka mayar," in ji ta, tana karkaɗe hannu. "Ni na gama tawa."